Gyaran Kayan Itace A Ƙasar Kabi Da Ƙasar Meziko

A cikin garin Argungu, kusa da babbar kasuwa, akwai wani tsohon gida wanda a ke kira Gidan Tarihi na Kanta. Nan ne fadar sarakunan Kabi har shekara ta 1942, sa'ad da aka gina sabuwa. Cikin 1958 aka buɗe tsohon gidan don jama'a su riƙa shiga suna ganin kayan mutanen da. Wanda ya shiga zai tarad da masu da takubba, da baka da kibau, da bindigogi, da tambura. Yawancin masu kallo ƙarfen su kan duba su wuce. Amma in mutum ya natsu, sai ya ga da yawa daga cikin kayan nan itace ne, ko kuwa itace ne ke riƙe da ƙarfen. Daɗewar ƙarfe ba abin mamaki ba ce. Abin tambaya shi ne yadda itace ya kan yi shekaru masu yawa a ƙasar da gara ba ta hutawa, hunturu yana tsaga shi, damina tana ruɓad da shi.

Amsar ita ce hannun mai gyara. Kowane abu na itace yana da jiki, yana kuma da fuska. Jikin shi ne abin da masassaƙi ya fitar daga bishiya, sau ɗaya a ke yinsa. Fuskar ita ce abin da aka shafa ko aka zana a bisa. Ita ce ke karɓar rana da ruwa da gumin hannu, saboda haka ita ce ke tsufa, ita a ke sabuntawa. Muddin ana sabunta fuskar a kan kari, jikin ya kan ga jika har da tattaɓa-kunne. Wannan sana'a tana da tarihi a kwarin Rima, tana kuma da wani tarihin mai kama da shi a wata ƙasa mai nisa, watau Meziko.

Ƙasar Kanta da itatuwanta

Wajen shekara ta 1516 Muhammadu Kanta ya fid da Kabi daga hannun Askiya Muhammadu, Sarkin Songhai, ya zauna a Surame, birnin nan mai ganuwar dutse wanda har yau ana ganin kufansa. Ƙasarsa ƙasar fadama ce. Gulbin Rima, wanda mutanen wurin ke kira Gulbin Kabi, ya ratsa ta, kowace damina ya kan cika ya malale, a sami shinkafa da kifi. Mutanen da ke zaune bakin irin wannan ruwa ba su rabuwa da masassaƙi, domin in ba jirgi ba fito, ba su. Masu ba da tarihi sun ce Kanta kansa yana da wani babban jirgi wanda aka lulluɓe da jan ƙarfe, mutum hamsin ke tuƙa shi. Labarin baka ne, amma ya nuna tun da daɗewa an san itace yana bukatar riga, an kuma san rigar ta kan nuna darajar mai shi.

A wurin masassaƙi kowace bishiya da aikinta. Ƙirya mai tauri ita ce ta turmi da taɓarya da ƙota, maƙera kuma suna son gawayinta. Da aduwa a ke yin allo, da ɗanya a ke fafe akushi, da alilliba a ke yin kalangu, da marke a ke yin muciya. Maɗaci da maje da rimi, da ya ke manya ne, su ne na jirgi. Giginya kuwa a kan tsaga ta a yi azara, don gara ba ta cinta da sauƙi. Kayan aikinsa gatari ne da gizago da wuƙa. Ba ya haɗa guntaye da ƙusa. Daga gungume guda ya ke fid da abin da ya ke so, shi ya sa aikinsa ba shi da gaɓar da za ta yi sako-sako.

Ɗakin mutanen da ba ya cika da katako. Gado na kara ne ko na ƙasa, na ƙasan a kan bar masa wuri a ƙarƙashi don a sa garwashi lokacin ɗari. A tabarma ko buzu a ke zama, a adudu a ke ajiye tufafi. Kujera, watau 'yar guntuwar nan ta tsuguno, ta mata ce, a kanta a ke tuƙa tuwo, a kanta a ke kitso. Adon ɗaki kuwa jere ne, ƙore da akusa an ɗora wannan bisa wannan, kowa ya shigo ya san irin gidan da amarya ta fito.

Rashin nauyin kayan nan ya yi wa Kabawa rana, domin babban birninsu bai zauna wuri guda ba. An bar Surame, wajen farkon ƙarni na 18 Sarkin Kabi Tomo ya gina Birnin Kebbi. Cikin 1805, shekara guda bayan fara jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, rundunar Malam Abdullahi ta ci birnin, Sarkin Kabi Hodi ya fita. Kabawan da ba su bi ba suka kafu a Argungu. Aka kashe sarkinsu Karari cikin 1831, ɗansa Yakubu Nabame ya sake ta da yaƙi cikin 1849, aka yi ta fama, a yi sulhu a koma, har zuwan Turawa. A irin wannan zamani abin da za a iya ɗorawa a ka ko a bisa jaki shi ke tsira. Abin da ya tsira kuwa ba a yad da shi don ya tsage, gyara shi a ke yi.

Wuƙa da wuta da mai

Wanda ke son ya gane yadda mutanen da ke yi wa itace fuska, sai ya fara da ƙwarya, don a kanta aikin ya fi fitowa fili. In duma ya ƙosa ya bushe, a kan fafe shi, a ƙwaƙule cikin, a wanke, a shanya. Sa'an nan a yi masa ado. Waɗansu su kan sa ƙarfe a wuta har ya yi ja, su ja layi da shi, zanen ya fito baƙi. Waɗansu su kan zana da wuƙa, su kankare bayan ƙwaryar a gefen zanen, har zanen ya tsaya bisa shi kaɗai, sa'an nan su shafa alli a inda aka kankare. Waɗansu kuma rina ta su ke yi ta koma ja.

Akushi da kujera da ƙoshiya wuta da mai a ke yi musu. Bayan an gama sassaƙa sai a babbake fuskar da ƙarfe mai zafi har ta yi baƙi, a zana 'yan layuka a baki, kana a murza man kaɗe da hannu har itacen ya sha. Ba don kyau kaɗai a ke yin haka ba. Ƙonawa ta kan tsuke fuskar itace, ta rage wa ƙwari sha'awa. Mai kuwa ya kan cika 'yan ƙofofin da ke jikinsa, ya hana ruwa shiga da damina, ya hana shi bushewa farat ɗaya da hunturu, wanda shi ne babban dalilin tsagewa. Irin wannan fuska ba ta ɓamɓarewa, don a cikin itacen ta ke. In ta dusashe, mai ɗaki da kanta za ta wanke, ta bari ya bushe a inuwa, ta sake murza mai. Ba a biyan kowa.

In ɓarnar ta kai ga jiki, akwai masu sana'arta. Gyartai ya kan bi gida gida, ya huda bakin tsagar ƙwarya da basilla, ya ɗinke ta har ta sake riƙe gari. Akushin da ya dare a kan kai wa maƙeri ya ɗaure shi da ƙarfe. Har yau ana ganin darajar duma a Argungu. Cikin 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Sarkin Kabi Muhammadu Sama, aka yi masa su don girmamawa, ziyarar da ta rufe tsohuwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi. Daga nan bikin kamun kifi ya samo asali, cikin 2016 kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye. Masuncin da ya faɗa ruwan Matan Fada da homa a hannu, a bisa gora ya ke iyo, a cikinta ya ke zuba kifi. Babbar gora ba kullum a ke samunta ba, saboda haka mai ita ya san yadda zai tattale ta.

Zuwan kafinta

Cikin 1902 Turawan Ingila suka sauka Argungu, cikin 1903 suka ci Sakkwato. Cikin 1906, zamanin Sarkin Gwandu Haliru, Birnin Kebbi ya zama mazaunin sarautar Gwandu. Sabon mulki ya zo da ofis da makaranta da kotu da asibiti, kowanne kuwa yana bukatar tebur da benci da kabad da taga. Masassaƙi ba ya fid da tebur daga gungume. Sai aka sami sabon ma'aikaci, watau kafinta, mai zarto da guduma da ƙusa, wanda ya koyi aiki a ma'aikatar En'e ko a makarantar sana'a. Katakonsa yankakke ne, yawancinsa daga kurmin kudu a ke kawo shi. Fuskar da ya ke yi masa kuwa daga gwangwani ta ke fitowa, fenti ko fanis, waɗanda ke kwanciya a bisa itace kamar fata.

Sannu a hankali kayan ofis suka shiga gida. Akwati ya kori adudu, gadon ƙarfe mai rumfa ya kori na kara, kwano da tasa suka hau jere, ƙore da akusa suka sauka. Daga baya roba ta zo ta fi kowa araha. Da aka kafa Jihar Kebbi ran 27 ga Agusta 1991, Birnin Kebbi ya zama babban birninta, ma'aikata suka ƙaru, gidaje suka ƙaru, rumfunan kafintoci suka cika bakin titi. Kayan amarya suka koma gado da kabad da madubi da kujerun kushin.

Sababbin kayan nan suna da amfaninsu, ba mai musun haka. Ɗan makaranta yana bukatar tebur, kwano ya fi ƙwarya jure faɗuwa. Amma an yi hasarar abu biyu. Na fari, da yawa daga cikin kayan ɗaki na yanzu da garin katako a ke yinsu, wanda aka matse da gam aka manna masa leda mai sheƙi. In ruwa ya taɓa shi sai ya kumbura ya rududduge, ba abin da za a kankare, ba abin da za a shafa. Fuska ce ba jiki. Na biyu, itatuwan da masassaƙi ya dogara da su sun ragu. Farin 1973 da na 1984 sun kashe bishiyoyi da yawa a arewa, faɗaɗa gonaki da saran itacen wuta suka ƙara. Madobiya kuwa an sare ta a Afirka ta Yamma ana kai wa ƙasar Sin, har cikin 2016 taron ƙasashen duniya ya sa ta cikin itatuwan da ba a fitarwa sai da izini. Ashe ke nan tsohon turmin ƙirya ko akwatin maɗaci da ke jingine a bayan ɗaki ba tarkace ba ne, abu ne wanda samun irinsa ya yi wuya.

Yadda aka yi a Meziko

Ba ƙasar Kabi kaɗai baƙin kaya suka shigo wa ba. Meziko ƙasa ce a hayin Tekun Atlantika, kudu da Amurka. Ko da ya ke tana da nisa, ba baƙuwa ba ce ga tukunyar Bahaushe, domin masara da barkono daga can suka bazu cikin duniya. Mutanenta na asali su ma ba su cika ɗaki da katako ba, a tabarma su ke kwana, a 'yan gajerun kujeru manyansu ke zama. Su ma ƙwarya ce abin alfaharinsu, a cikinta sarakunan Aztek ke shan koko.

Fuskar da su ke yi wa ƙwarya sunanta make. A kan matse mai daga 'ya'yan wani tsiro mai kama da riɗi, sunansa ciya, a waɗansu wurare kuma a dafa wani ƙwaro da a ke kira ahe a kwashe kitsensa. Sai a shafa man a jikin ƙwarya, a barbaɗa garin wata farar ƙasa da aka niƙa lilis tare da launi, a murza da tafin hannu ko da dutse mai santsi. A bari ya sha iska, a sake. In an yi haka sau da yawa, fuskar ta kan yi sheƙi, ruwa ba ya ratsa ta.

Cikin 1521 mutanen Sifen, a ƙarƙashin Hernan Cortes, suka ci babban birnin Aztek. Suka zo da kafintocinsu da maƙeransu, da akwati da kabad da tebur. To, a nan ne hanya ta rabu da ta Kabi. Masu adon ƙwarya na Meziko ba su tsaya a kan ƙwarya suna kallon kasuwa tana wuce su ba. Sai suka ɗauki man nan nasu da garin ƙasarsu suka hau sababbin kayan da su, suka shiga yi wa akwati da faranti da tebur irin fuskar da kakanninsu ke yi wa ƙwarya. Wani shugaban limaman Kirista, Vasco de Quiroga, wanda ya mutu cikin 1565, ana tunawa da shi a lardin Michoacan saboda ƙarfafa sana'o'in hannu da ya yi gari gari. Daga 1565 zuwa 1815 jiragen ruwa suna kai da kawowa tsakanin Manila da Akapulko ɗauke da kayan Asiya, masu sana'ar suka ga zanen Sin da Japan, suka ɗebi abin da ya yi musu, suka zuba cikin nasu.

Garuruwan da suka yi suna a wannan aiki su ne Uruapan da Patzcuaro da Olinala. A Olinala akwai wata dabara wadda mai kankare ƙwarya na ƙasar Hausa zai gane nan da nan. A kan shimfiɗa launi guda, a bari ya kama, a ɗora wani launin a bisa. Tun na saman bai gama bushewa ba, sai a sa ƙaya a zana tsuntsaye da furanni, a kankare abin da ke gefensu, launin ƙasa ya bayyana. Akwatunansu da wani itace mai ƙanshi a ke yinsu, sunansa linalowe. Shi ma saransa ya yi yawa har ya yi wuya, yanzu da yawa da wani itacen a ke yi, a shafa masa man linalowe don ƙanshin.

Akwai kuma kayan da ba a yi wa launi, manyan tebura da ƙyamare na itace mai nauyi, kamar meskit, wanda dangin ƙirya ne. Su fuskarsu rini ne mai duhu da kakin zuma, ga manyan ƙusoshi na baƙin ƙarfe aikin maƙera. Mai gyaran irin wannan ya kan kankare dattin shekaru, ya goge, ya mayad da rinin, ya murza kaki har ya yi sheƙi. Ba ya cike kowane rami, ba ya share sawun gizago, ba ya musanya ƙarfen maƙeri da na kanti, don masu saye tsufan nan su ke biya.

Sana'ar make ta yi rauni a wani zamani, sa'ad da kayan masana'anta suka cika kasuwa. Amma bayan juyin mulkin da aka fara cikin 1910, shugabannin ƙasar suka juyo suna neman abin da ke nasu. Cikin 1921 gwamnati ta yi babban nunin sana'o'in hannu. Cikin 1974 ta kafa hukumar FONART don taimakon masu sana'a da sayad da kayansu. Cikin 1994 doka ta keɓe sunan Olinala ga aikin da aka yi a wannan yanki kaɗai, don kada wani ya kwaikwaya ya sayar da sunansu.

Abin da mai gyara ya kamata ya kiyaye

In an duba ƙasashen nan biyu, ƙa'idar gyara guda ce. Kafin a taɓa tsohon abu sai a san itacensa, a san irin fuskar da aka yi masa tun fari, don ita za a mayar. Abin da aka yi wa mai, mai a ke sake yi masa. Wanda ya shafe baƙin akushi da fentin gwangwani ya rufe zanensa, ya kuma hana a ci abinci a ciki. Akushi da ƙoshiya da muciya ba a shafa musu sai man da a ke ci.

A fara da jiki kafin fuska. A duba ko gara ta shiga, a yi maganinta, a ɗaga abin daga ƙasa mai laima. A wanke da ruwa kaɗan, a shanya a inuwa, domin rana mai zafi ta kan tsaga. In aikin kafinta ne, a ɗaure gaɓoɓin da suka saki tukuna. Sa'an nan a goge da samfefa, a fara da mai kaushi a ƙare da mai laushi, ana bin tsawon itacen, ba a gicciye shi. Inda akwai zanen wuƙa ko na wuta ba a sa samfefa, don abin da aka goge ba ya dawowa. Tsohon fenti kuwa sau da yawa akwai dalma a cikinsa, ƙurarsa guba ce, ta fi cutar da yara ƙanana. Sai a jiƙa shi kafin a kankare, a yi aikin a fili, nesa da yara da wurin girki. Daga ƙarshe a shafa mai ko kaki kaɗan kaɗan, sau uku ko huɗu, ana bari yana sha tsakani.

Bambancin da ke tsakanin ƙasashen biyu shi ne, a Meziko mai adon ƙwarya da kafinta sun haɗu a kan akwati guda, a kwarin Rima kuwa kowa ya kama gabansa. Amma ƙofa ba ta rufe ba. Har yanzu akwai masassaƙa da masu zanen ƙwarya a kasuwannin ƙasar Kabi, akwai man kaɗe, akwai kakin zuma, akwai kuma baƙin da bikin Argungu ke tarawa. Kafintan Birnin Kebbi da ya kira mai zanen ƙwarya ya ƙona masa ado a murfin akwati, zai fid da abin da ba a shigo da irinsa daga waje. Uwar da ta fito da kujerar kakarta ta wanke, ta murza mata mai, ta sa cikin kayan 'yarta, ta ba ta abin da zai riga kabad ɗin kanti shiga ɗaki, ya kuma bi bayansa. Hausawa dai sun ce da tsohuwar zuma a ke magani.